Igiya, na'urar amo ko hoto daga sama: da me za a auna zurfin tafki a tsakanin tsaunuka?

Tafkin da ke kwance a fili, in ka san zurfinsa a wuri uku ko huɗu, kana iya kintatar saura ba tare da ka yi nisa da gaskiya ba. Na tsauni ba ya yarda da kintace. Gangaren dutsen da ido ke gani a sama ba ya tsayawa a bakin ruwa, ci gaba yake yi a ƙasa, shi ya sa ɗan nesa kaɗan da gaɓa ruwan zai iya kai mita talatin. Tafkin Janeba ya kai mita 310, Hornindalsvatnet na ƙasar Norway mita 514, Issik-Kul na Kirgistan mita 668. Madatsun ruwa ma haka: bangon Grande Dixence a Suwizalan tsayinsa mita 285, na Nurek a Tajikistan mita 300. Wanda aikin awon irin wannan ruwa ya hau kansa, ko injiniyan madatsa ne, ko mai shirin kafa kejin kifi, ko ɗalibi mai bincike, yakan rasa ta inda zai ɓullo: ya sayi igiya, ya sayi na'ura, ko ya ɗauko masu sana'ar.

Abin dubawa kafin a taɓa aljihu

Na farko, wace tambaya ake son amsawa? Tambayoyin iri uku ne, kuma kowace da kayan aikinta. Akwai mai son sanin zurfin wani wuri guda, misali inda zai jefa anga ko ya sa bututun jan ruwa. Akwai mai son sanin yawan ruwan da tafkin ya ƙunsa gaba ɗaya, wanda ke buƙatar taswirar ƙasan ruwa. Akwai kuma mai son sanin nawa laka ta cinye tsakanin bara da bana. Wannan ta ukun ita ce mai wuya, domin canjin da ake nema ƙarami ne, kuma in kuskuren awo ya fi canjin girma, aikin ya tashi a banza.

Na biyu, ruwan tsauni yana da tarko uku da kowace hanya sai ta tsallake.

Sanyi shi ne na farko. Na'urorin amo duka dabara ɗaya suke bi: su tura sauti ƙasa, su ƙirga lokacin da ya ɗauka ya dawo, su lissafa tazara. Lissafin ya dogara ne da saurin sauti a ruwa, kuma saurin ba ɗaya ba ne a ko'ina. A ruwan teku yakan kai wajen mita 1,500 a daƙiƙa, kuma a kan adadi irin wannan ake saita yawancin na'urorin kasuwa. A ruwan daɗi mai ɗumin digiri 20 na ma'aunin Selsiyus saurin ya sauko zuwa 1,482, a digiri 4 kuwa wajen 1,421. Digiri huɗun nan ba lambar da aka ɗauko haka kawai ba ce, a nan ne ruwan daɗi ya fi nauyi, don haka ƙasan tafki mai zurfi a ƙasashe masu sanyi yakan tsaya a kusa da ita rani da hunturu. Na'urar da ta ɗauka sauti na gudun 1,500 a ruwa mai sanyin haka za ta ƙara maka fiye da mita 5 a kowace mita 100.

Gangare shi ne na biyu. Sautin ba ya sauka a miƙe kamar zare, yana buɗewa ne yayin da yake nutsawa. Na'ura mai buɗewar digiri 20 tana taɓa da'irar da faɗinta ya kai mita 35 a zurfin mita 100, kuma amon da ya fara dawowa shi take ɗauka a matsayin ƙasa. A kan gangare, ɓangaren da ya fi tudu shi ke fara amsawa. In gangaren digiri 30 ne, wurin da zurfinsa mita 100 zai iya fitowa 92. Abin lura a nan, kuskuren sanyi ƙari yake yi, na gangare kuma ragi, sai wani lokaci su cinye juna a wuri guda mutum ya ɗauka na'urarsa daidai take, alhali a tsakiyar tafkin, inda ƙasa ta baje, ƙarin ne kaɗai ke aiki.

Na uku, saman ruwan kansa ba a tsaye yake ba. Madatsun lantarki na tsaunuka sukan cika da narkewar ƙanƙara, a zuƙe su a hunturu, kuma bambancin yakan kai gomman mitoci a shekara guda. Lambar zurfi da ba a rubuta ta tare da ranar awo da matakin ruwa na wannan rana ba, ba ta da amfani ga wanda zai zo daga baya. Wannan bai shafi tsadar na'ura ba, ya shafi littafi da biro.

Bayan waɗannan sai abubuwan da aka saba: kuɗi, ƙarko, sauƙin aiki da haɗari. A lissafin kuɗi a sa har da kai kayan bakin ruwa, domin tafkuna da yawa mota ba ta isa gare su.

Igiya mai nauyi a ƙarshe

Ita ce tsohuwar hanya: igiya ko waya mai alamomin mita, da dunƙulen dalma ko ƙarfe a ƙarshe. Masu raina ta ba su san tarihinta ba. A 1886 ayarin Clarence Dutton ya auna tafkin Crater a jihar Oregon ta Amurka da siririyar wayar ƙarfe, a wurare 168, ya samu mita 608. A shekarar 2000 aka sake awon da na'urar amo ta zamani mai harbi da yawa, wato mai tura sauti ta fuskoki da yawa a lokaci guda, aka samu mita 594. Bambancin bai kai kashi uku cikin ɗari ba, bayan shekara 114. A Sikotland, John Murray da Laurence Pullar sun auna tafkuna 562 tsakanin 1897 da 1909 da waya da kwale-kwale, kuma taswirorinsu sun daɗe ana aiki da su.

Kuɗinta kusan babu. Ƙarkonta ya danganta da irin igiyar: ta nailan tana miƙewa in ta ji nauyi ta jiƙe, don haka poliyesta ko waya ta fi, kuma a sake gwada alamomin da tef a jiƙe, ba a bushe ba. Sanyi bai dame ta, buɗewar sauti bai shafe ta, ba ta cin batir. Har ma tana gaya maka abin da na'ura ba ta faɗa kai tsaye: hannu yana jin bambancin dutse da taɓo, kuma in an shafa kitse a gindin nauyin zai ɗauko samfurin yashi ko laka.

Aibinta biyu ne, kuma manya ne. Iska tana tura kwale-kwale, igiya ta karkace. Karkatar digiri 20 kawai tana ƙara kashi shida cikin ɗari a kan zurfin gaskiya, kuma a kwarin tsauni iska takan taso da rana ba sallama. Sannan jinkiri: sauke igiya mita 80 da janyo ta aiki ne, a yi shi sau hamsin a yini hannu ya gaji, kuma ɗigo hamsin ba sa yin taswira. A madatsa akwai ƙarin matsala, wato abin da ruwa ya binne. Itatuwa, gadoji da kangaye suna nan a ƙasa. Hasumiyar cocin ƙauyen Curon da ta fito daga cikin tafkin Resia a Italiya tun da aka cika shi a 1950 ita ce wadda ake gani, waɗanda ba a gani a wasu madatsun su ne ke cinye igiya. Haɗarin da ya fi kusa shi ne mutum ya sunkuya gefen ƙaramin jirgi yana fisgar igiyar da ta maƙale. In ta ƙi, a yanke ta.

A ganina igiya ta isa ita kaɗai har zuwa mita 20 ko 30 a ruwa mai kwanciya. Bayan nan matsayinta ya koma na alƙali: da ita ake gwada gaskiyar na'ura.

Na'urar masunta mai GPS

Wannan ita ce irin da kamfanoni kamar Garmin, Lowrance da Humminbird ke yi don neman kifi. Allo ne, da batir, da bakin na'ura da ake ɗaurawa a gefen jirgi ya nutse kaɗan. Akwai ƙanana na hannu masu kama da tocilan da ke ba da lamba ɗaya kawai, akwai kuma masu siffar ƙwallo da ake jefawa da sandar kamun kifi su aiko da awo zuwa waya. Waɗannan biyun ba su da laifi ga mai son lamba a kusa da gaɓa, amma wadda ta cancanci magana ita ce mai adana zurfi da wuri tare a katin ajiya. In ba ta iya fitar da bayanan zuwa kwamfuta, kada a saya, komai kyan allonta.

Farashi daga 'yan ɗaruruwan daloli ne zuwa sama, kuma mutum ɗaya zai iya ɗaukar kayan duka a baya tare da jirgin roba mai hurawa. Koyonta ba ya wuce yini ɗaya ko biyu. Tana ɗaukar awo da yawa a kowace daƙiƙa, don haka tafiyar awa uku a layuka masu tsallaka tafkin tana ba da dubban ɗigo. A nan ta yi wa igiya fintinkau.

Ita ce kuma tarkon sanyi da na gangare suka fi kamawa. Da yawa daga cikinsu ba sa barin ka canza saurin sauti, kuma buɗewarsu mai faɗi ce don an yi su ne su ga kifi. Maganin ba shi da tsada. A rataye faranti na ƙarfe da sarƙa mai alamomi a ƙarƙashin bakin na'urar, a sauke shi mita 5, 10, 15, a rubuta abin da allo ya nuna a kowane mataki, da safe da kuma bayan an tashi. Daga nan ake fitar da adadin gyara. Farantin ba ya kai ga ruwan ƙasa mai tsananin sanyi, don haka a ƙara da igiya a wuri biyu ko uku masu zurfi da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a lokacin da iska ta kwanta. A zaɓi mitar sauti ta sama, wato sauti mai saurin kaɗawa, wajen kilohaz 200, domin ta fi ta kilohaz 50 tsukewa. A ja layukan awo daga gaɓa zuwa gaɓa, suna yanka gangaren, a kuma matso da su a inda ake zaton tsohuwar hanyar kogi take, domin rami mai tsukuku yakan ɓuya tsakanin layi da layi.

GPS ɗinta na gama-gari ne, kuskurensa 'yan mitoci a fili, kuma yana ƙaruwa a kwazazzabo inda duwatsu suka tare rabin sama. A kan gangare mai tsauri, kaucewar mita uku a gefe na iya zama kuskuren mita biyu ko uku a zurfi. Don haka tana ba da taswira mai kyau da ƙiyasin yawan ruwa mai ma'ana, amma ba za ta nuna maka lakar rabin mita da ta taru a shekara ba. Ta fuskar ƙarko, allon yakan jure, abin da ke mutuwa shi ne bakin na'ura in ya daki dutse, da mahaɗar wayoyi in ta yi tsatsa. Batir kuma yana saurin ƙarewa a sanyi, a tafi da biyu.

Na'urar safiyo mai harbi ɗaya

Dabarar ɗaya ce da ta masunta, bambancin a tsantseni yake. Buɗewarta 'yan digiri ne, ana shigar mata da saurin sauti na gaskiya, kuma ana haɗa ta da GPS na safiyo mai karɓar gyara daga wata tasha da aka kafa a ƙasa, wanda kuskurensa santimitoci ne. Wannan GPS ɗin yana warware matsalar matakin ruwa ma, don kowane ɗigo yana fitowa a matsayin tsayin ƙasan tafki daga matakin teku. Masu mitar sauti biyu suna da wata fa'ida: ta sama tana dawowa daga saman laka mai laushi, ta ƙasa, wajen kilohaz 33, tana ratsa ta zuwa ƙasa mai tauri.

Kuɗin cikakken kaya ya shiga dubban daloli, wani lokaci ya haura dubu goma da yawa, kuma sai da wanda ya iya safiyo. An yi ta ne don aiki, tana shekaru in ana kula da ita. Ita ce dokin aikin masu madatsu, domin a madatsar tsauni laka ce babbar abokiyar gaba. Madatsar Tarbela da ke kan kogin Indus a Pakistan, wadda aka kammala a 1976, ta rasa fiye da sulusin wurin ajiyarta, kuma tudun lakar yana matsowa ne daga bakin kogi zuwa bango. Irin wannan motsi ba a gane shi sai an bi layukan awo ɗaya, a kan ma'auni ɗaya, shekara bayan shekara. Gazawarta ita ce tsakanin layi da layi har yanzu kintace ne.

Mai harbi da yawa

Wannan tana watsa ɗaruruwan siraran harbi a faɗi kamar mafici, ta share zirin ƙasa da faɗinsa ya ninka zurfin ruwa sau uku ko fiye. Babu giɓi. Tana nuna zaftarewar gangare, kangaye, da tarin laka a bakin mashigar injin. A tafki mai gangare sosai babu tamkarta.

Sai dai ba na'ura ɗaya ba ce, tsari ne: ma'aunin tangaɗin jirgi, ma'aunin alƙibla, na'urar auna saurin sauti daga sama har ƙasa, manhaja, da gwani mai tace bayanai. Kuɗin ya kai dubun dubatan daloli, yana iya haura dubu ɗari. Kusan kowa haya yake yi. Kai ta wurin ma magana ce: a awon tafkin Crater na 2000 da jirgi mai saukar ungulu aka sauke jirgin awon cikin ramin da tafkin yake. Tsarin yana da laushi, kuma kuskure ƙarami a saiti yana lanƙwasa taswirar duka ta yadda wanda ba gwani ba ba zai gane ba.

Daga sama, da kuma daga tsohuwar takarda

Hotunan taurarin ɗan adam na Landsat da Sentinel-2 kyauta ne, kuma sun ƙware wajen nuna faɗin tafki da yadda gaɓarsa ke ja da baya. Zurfi kuwa sai inda haske ya kai ƙasa. Tauraron ICESat-2 da hukumar NASA ta harba a 2018 yana da koren hasken leza da ke iya kai wajen mita 40 a ruwa garau, a kan siraran layuka kawai. Tafkin da ƙanƙara ke ciyarwa yakan yi fari-fari da garin dutse, a nan haske ba ya zuwa ko'ina.

Ga madatsa akwai hanya mafi arha da ake mantawa: taswirar kwarin kafin a cika shi. A cire tsayin ƙasa daga matakin ruwa na yau, an samu zurfi na asali, kafin laka. Idan kuma an zuƙe madatsar sosai, ƙaramin jirgi marar matuƙi zai iya ɗaukar hoton ɓangaren da ya bushe, na'urar amo ta cike saura.

Wa zai shiga ruwan?

Haɗarin aikin a jirgin yake fiye da a na'urar. Faɗawa ruwan da bai kai digiri 10 ba yana sarƙe numfashi nan take, hannuwa su mutu cikin mintuna kaɗan, ko ga gwanin iyo. Rigar ceto dole ce, mutum biyu a ƙalla, a fita da sassafe kafin iska. A madatsa kada a kusanci mashigar injin ko mazubar ambaliya sai da izinin masu kula da ita. A tafkunan bakin ƙanƙara, inda dutse ko ƙanƙara kan faɗo ya tayar da igiyar ruwa, ƙaramin jirgi mai rimot ya fi, kuma yana ɗaukar kowace irin na'ura, daga ta masunta har ƙaramar mai harbi da yawa. Irin waɗannan tafkuna ne awonsu ya fi gaggawa. Fashewar tafkin Lhonak ta Kudu a jihar Sikkim ta Indiya a Oktoban 2023 ta rushe madatsar Chungthang, kuma a Nepal an rage matakin tafkin Imja da fiye da mita 3 a 2016 don gudun irin haka.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban rauni |
|---|---|---|---|---|
| Igiya ko waya | Kusan babu | Mai kyau, in ba ta miƙe ba | Kowa zai iya, amma da jinkiri | Karkata da maƙalewa |
| Na'urar masunta | Ɗaruruwan daloli | Matsakaici | Yini ɗaya ko biyu | Sanyi, gangare, GPS |
| Mai harbi ɗaya | Dubban daloli | Mai kyau | Sai mai safiyo | Giɓi tsakanin layuka |
| Mai harbi da yawa | Dubun dubata, ko haya | Tana son lallaɓa | Sai gwani | Tsada da sufuri |
| Tauraro ko tsohuwar taswira | Kyauta ko kaɗan | Ba ta taso ba | Aikin kwamfuta | Ruwa mai duhu, laka |

Kowa da tasa

Mai son zurfin wuri guda a ruwan da bai wuce mita 30 ba, igiya ta ishe shi, ya maimaita sau uku da safe. Mai kejin kifi, mai jiragen yawon buɗe ido, ko ɗalibin da ke son taswira da ƙiyasin yawan ruwa, ya sayi na'urar masunta mai adana bayanai, ya haɗa da faranti da igiya. Wannan haɗin shi zan zaɓa wa mafi yawan mutane, kuma in an yi gyaran da kyau ya fi na'ura mai tsada da aka kunna ba a gwada ba. Hukumar da ke riƙe da madatsa ɗaya ko biyu tana bibiyar laka, mai harbi ɗaya da GPS na safiyo ce tata, tare da kafaffun layuka da ba a canzawa. In madatsar babba ce, ko ana zargin zaftarewa a ƙarƙashin ruwa, ko za a yi aiki a bakin mashiga, a yi hayar mai harbi da yawa sau ɗaya a samu cikakken tushe, sannan a riƙa bin sa da mai harbi ɗaya a shekarun tsakani. Mai nazarin tafkuna da yawa a yanki mai faɗi ya fara da hotunan tauraro, ya ware waɗanda ke girma da sauri, su kaɗai zai kai wa jirgi mai rimot.